Kaina a Cikin Gangar Ruwa

Yaya Aikande,

Na fita kina barci don in kama motar Arusha ta farko. Yau masu kai baƙi hawan dutse za su gwada Turancinmu. Wanda bakinsa ya sarƙe zai koma dako, ni kuwa na gaji da ɗaukar jakar wani.

Abin da Mama ta gani jiya kina kasuwa ba aljanu ba ne. Ni ne na cusa kaina cikin tsohuwar gangar ruwa ina gwada Turanci, saboda a nan nake jin muryata sosai, in gane inda harshena ke karkacewa. Ina cikin yi wa baƙi barka da zuwa sai na ji ruwan addu'a a gadon bayana, tana cewa, "Fita daga jikin ɗana." Na yi mata bayani, ta ce ai duk haka suke faɗa.

Ta kira fasto, zai zo da hantsi. Ki tare shi a ƙofa, ki ba shi shayi, ki ce na warke. Idan ya nace sai ya yi addu'a, ya yi wa harshena.

Elisante