Najiba da Birnin Masu Shan Jini

Ƙanƙara,
3 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga aminiyata Rukayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya maigidan, ya ɗiyata Fatimatuzzahra, ya kuma jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Tun da aka datse layukan waya na ga ba makawa sai biro da takarda, Muttaka direba kuwa ya ce zai riƙa kai miki duk ranar da ya yi lodin Sabuwa.

Labari gare ni, na kuma san za ki ce zaman shiru ya taɓa mini kai. Kin tuna Najiba, 'yar Faskarin nan mai aikin jinya, wadda ke zaune wurin goggonta Hajiya Hajaratu a bayan makarantarmu? To ita ta haɗa mu wani wasa, mu goma sha ɗaya, duk mata. Wai a wurin bautar ƙasa ta koyo shi. Kowace Asabar bayan azahar mukan taru a gidan Hajiya mu zama masu shan jini, irin na finafinan Turawa, waɗanda ba sa tsufa. Kada gabanki ya faɗi, zoɓo ne jinin. Ana kiran la'asar muke tashi mu yi alwala.

Ba rubutaccen wasan kwaikwayo ba ne, ba wadda ke haddace komai. Kowa da matar da take zama a cikin wasan, ita za ta yi mata magana, ta ƙulla mata abota da gaba. In kin ɗora baƙin gyale a kafaɗa kin shiga birnin masu shan jini; in kin sauke, kin dawo ke. Ba a taɓa jikin kowa. In rigima ta tashi tsakanin biyu, kowace ta zuba ƙwayoyin ƙarfinta a ƙwarya, ɗaya farin wake ɗaya 'ya'yan tsamiya, magoya baya su ƙara nasu, a rufe wa wata ido ta ciro guda. Wadda tata ta fito ita ta yi nasara. Babbar doka ɗaya ce: ba a shigo da rayuwar waje cikin wasa.

Najiba ba ta wasa, ita ce mai riƙo, wato mai tafiyar da wasan da yanke hukunci. Abin da ya burge ni, sai da ta bi mu gida-gida kafin a fara. Na ce mata a ba ni wadda ta fi kowa ƙarfi, sai ta yi murmushi ta tambaye ni abin da matar ta rasa. Muka yi ta magana har tukunyata ta kusa ƙonewa. Ga ni nan yanzu, Ta-Kudu sunana, shekarata ɗari uku, na manta fuskar ɗiyar da na haifa, ina bin kowa ko akwai mai tuna ta.

Hajiya Hajaratu ce Sarauniya, kuma ta dace, ko zamanta kika gani sai kin rusuna. Akwai kuma Mero, wadda ta baro ƙauyensu wajen Ruwan Godiya bara saboda rashin zaman lafiya, tana suyar awara a bakin titinmu. Ba ta karatun boko, don haka Najiba ta rubuta mata takardar bayanin matar da za ta zama da ajami. Ita ce Mai Ƙyaure, mai tsaron ƙofar birni, mafi ƙanƙanta a cikinmu.

In faɗa miki abin kunya. An ce akwai maci amana a fadar Sarauniya, sai na tare Najiba a hanyar asibiti na ce ta ɗan raɗa mini, ai ni da ita ba ɓoye-ɓoye. Ta riƙe hannuna ta ce don tana ƙaunata ne ba za ta ɓata mini daɗin ganowa ba. Na yi fushin kwana ɗaya, daga baya na ga gaskiyarta.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Suwaibatu.

Ƙanƙara,
7 ga Nuwamba, 2021.

Aminiyata Rukayya,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da jikin Inna ya yi sauƙi. Ya yara, ya hidimar gida? Kin yi mini dariya son ranki, amma yau da nauyin zuciya nake rubuto miki.

Duk makonnin nan muna ta rigimar kujeru a gaban Sarauniya, ba wadda ta lura da abin da Mero ke yi. Ashe Mai Ƙyaure na zaune a bakin ƙofa tana sauraron kukan kowa. Ita ta ɓoye wata da Sarauniya ta sa a kama. Ita ta ce da Ta-Kudu ta taɓa ganin wata yarinya mai irin idanunta ta wuce ta ƙofar, har na rasa inda zan sa kaina. Jiya a zaman fada sai ta miƙe, cikin muryarta ta ƙasa-ƙasa, ta ce Sarauniya ta sha jinin talakawanta ya isa, ta sauka. Aka kawo ƙwarya. Mu bakwai muka zuba wakenmu a bayan Mero. Aka rufe wa ɗaya daga cikinmu, Sa'adiya, ido, ta sa hannu, farin wake ya fito.

Hajiya ta kalli Najiba ta ce ƙwaryar ta karkace, a sake. Najiba ta ce ta duba, ƙwarya daidai take. Sai Hajiya ta juya ga Mero, gyale na kafaɗarta, ta ce: “Ba mamaki. Mu koyo muke, ku kuwa gado ne.”

Rukayya, kin san abin da ake nufi. Tun zuwan Mero ake raɗe-raɗin wai an taɓa jifan kakarta da maita a ƙauye. Mero ta sunkuyar da kai.

Najiba ta tsayar da wasa, ta ce kowa ta sauke gyale. Ta je gaban matar da ta raine ta tun tana 'yar shekara shida, ta durƙusa har ƙasa, ta ce: “Goggo, ki gafarce ni. Wannan magana ba Sarauniya ta faɗe ta ba, ke kika faɗa, kuma Mero kika faɗa wa. Za ki huta zama uku, ba kuma za ki dawo ba sai kin nemi gafararta.”

Hajiya ta tambaye ta ko ta manta gidan wa take. Najiba ta ce ba ta manta ba, kuma da wata ce ta faɗa wa Goggo haka, hukuncin da za ta yanke ke nan. Hajiya ta ce mu kwashe tabarminmu. Muka fito sumui-sumui, Najiba kuwa ta raka Mero har gida, sannan ta koma ta ɗora wa goggonta tuwo kamar kullum.

Ban san inda maganar za ta kwana ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Suwaibatu.

Ƙanƙara,
5 ga Disamba, 2021.

Aminiyata ta ƙwarai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya sanyi, ya maigidan da Fatimatuzzahra? Ki yafe mini shirun da na yi, abubuwa ne suka yi yawa.

Maganar nan ba ta tsaya a gidan ba. Kafin kwana uku ta zagaye unguwa, har ana cewa a wasanmu ne asirin Mero ya tonu. Awararta ta riƙa kwantai. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke: ni ma da zan wuce sai na tsallaka ɗaya gefen titin. Ni da na zuba mata wakena. Ina tsallakawa na hango Najiba zaune a kan benci kusa da kaskon, da fararen kayanta na aiki, tana cin awara tana hira. Haka take yi kullum in ta taso. Kunya ta kama ni, washegari na je na zauna kusa da ita. Matsa mini kawai ta yi.

A nan na ji tana ba Mero haƙuri. Ta ce ita ma da laifinta, ta san raɗe-raɗin, ya kamata tun farko ta tambaye ta ko irin wasan nan zai iya jawo mata magana. Ta ce in Mero ta ce a bari, to an bari har abada. Mero ta daɗe tana juya awara, sannan ta ce tun da ta baro ƙauye ba inda ake sauraronta sai a bakin ƙofar nan, ba za ta ajiye gyalenta ba.

Muka koma yi a gidana, a matse. Na ɗauka Najiba za ta lallaɓa Mero a cikin wasa don ta huce. Ina! Ta ba ta sarautar da ta ci, amma ta tuna mata ƙwaya biyu kacal suka rage mata, ga masu neman kujerar. Mero ta sha wuya, ta kuma yi dariya irin wadda ban taɓa jin ta yi ba. A gida kuwa sati biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwar Najiba, ita kuma ba ta fasa durƙusawa safe da yamma ba, ba ta kuma janye hukuncin ba.

Ranar Alhamis da hantsi, titi cike da mutane, sai ga Hajiya Hajaratu da lulluɓinta. Ta zauna a bencin, ta ce Mero ta zuba mata, ta ci a gaban kowa har da neman ƙarin yaji. Ta ɗaga murya yadda masu shago za su ji, ta ce ƙarya ta yi don zafin faɗuwa, Mero ta yafe mata don Allah. Mero ta yafe, suka yi kuka tare. Kafin azahar kaskon ya ƙare.

Jiya muka koma gidan Hajiya. Sai ga matsala: tsohuwar Sarauniya tana tsare, sabuwa ce za ta yanke mata hukunci. Duk muka zuba wa Najiba ido ko za ta sassauta, ta ce wannan ba hurumin mai riƙo ba ne, na Mero ne. Ni dai na sakankance afuwa za a yi. Mero ta sauke gyalenta ta ce: “Hajiya, ni na yafe miki har zuciyata.” Ta mayar da shi kafaɗa, ta ce: “Amma Mai Ƙyaure ta binne mutane da yawa a bakin ƙofar nan. A fitar da ita rana.”

Masu shan jini, kin sani, rana ce ajalinsu, shi ya sa a ƙarƙashin rumfa muke zama. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Hajiya ta dubi Najiba. Najiba ta ce hukunci ya hau, ƙa'ida ta ba ta damar maganar ƙarshe. Rukayya, da kin ga matar nan! Ta miƙe a hankali, ta gyara gyale, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayenmu na birni. Da ta zo kaina ta ce ta san ɗiyata, tana da wushirya, ta ɓoye mini ne don kada in bar fada. Sannan ta taka zuwa tsakar gida inda rana ke dukan siminti, ta buɗe hannuwa, ta saki gyalen ya faɗi. Ba wadda ba ta share hawaye ba, har Mero.

Ana cikin haka Hajiya ta dawo inuwa tana fifita, ta ce a ba ta zoɓo, ta kuma tambayi Najiba yaushe za a yi mata sabuwar takarda, amma fa mai ƙarfi take so. Najiba ta jawo littafinta ta zauna a gabanta, ta ce sabuwar shiga ƙwaya uku take farawa da su, ko wace ce. Hajiya ta harare ta, ta ce da mu: “Kun ga abin da na raina.” Amma na ga yadda take kallonta, kallon da uwa ke yi in ɗiyarta ta fi ta.

Na daɗe ina koyar da yara, ban taɓa ganin wanda ya riƙe gaskiya da ladabi a hannu ɗaya kamar yarinyar nan ba. Allah Ya ba ta miji na gari wanda zai san darajarta.

Ki gaishe da Inna da maigidan, ki shafa mini kan ɗiyata. Ga ƙullin kuka da daddawa nan wurin Muttaka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sada mu da alheri.

Taki mai ƙaunarki,
Suwaibatu.