Hoton Baba a Tagar Madrid

Yaya Eudoro,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya tsattsage mini hannu. Kada ka gaya mata.

Jiya ina goge gilashi a wani kamfanin yawon buɗe ido, sai ga hoton marigayi Baba manne a tagar, yana tsaye a tashar jirgin ruwa ta garinmu Mompox. A ƙasa an rubuta "wani tsohon masunci". Mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙa manyan jirage a kogin Magdalena.

Na ce wa manajan, "Mahaifina ne, kuma kyaftin ne."

Ya ce, "Masunci ya fi jawo baƙi. Ƙarasa aikinki."

Na ƙarasa, Yaya, raina na tafasa. Aiko mini hotonsa wanda yake sanye da hular kyaftin. Kullum da safe ni nake buɗe musu ofishin, zan manna shi a tagar.

Allah ya kāre ku.

Ƙanwarka,
Yolima