Ɗage Aikin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara. Yaya jikin Baba?

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda. Inna ta ce an sake ɗage ranar aikin. A gabanmu likita ya yi bayani: da zarar an gama ƙarin ruwan maganin daji, sai a cire mafitsarar cikin 'yan makonni, tun ciwon yana kwance. Ya ce in aka yi sake ya farfaɗo, wuƙa ba za ta cim masa ba. Wa ya ɗage, kuma don me?

A gaida kowa.
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki.

Ki kwantar da hankalinki. Jinin da ke fita a fitsarinsa ya tsaya, Baba yana cin abinci, har ya koma shago. Ke kina nesa, ba ki san abin da ake nufi da aikin nan ba. Jakar fitsari za su rataya masa a ciki har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya tsufa yana sayar da turare, wanda masu saye ke shinshina hannun rigarsa kafin su zaɓa!

Sannan kin san haɗin turaren nan babu mai iya shi sai shi, da hanci yake aunawa. Yanzu yake koya mini. Da na kama hannu za mu koma asibiti. Haƙuri kaɗan ne.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, don ita ba a hana kowa.

Na karanta takardarka. Tun kana yaro Baba yake jan ka gaban kwalaben nan kana zillewa, sai yau da ciwo ke cin sa ka tashi karatu? Wai kai mai tausayi. Jakar nan ni zan zubar, ni zan wanke, ba ta kai abin da ka rubuto ƙazanta ba.

Kuma na matsa wa Inna ta faɗa mini. Ka ce wa Baba likita ne yake ɗagewa don layi ya yi yawa. Bawan Allah yana zaune yana ɗiga maka mai a kwalba, yana jiran a kira shi. Wallahi kunyar haɗa jini da kai nake ji.

Ina hanya, da na samu mai riƙe mini yara. Ka kai shi gobe.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum.

Ciwon baya ya matsa wa Baba, mun je asibiti jiya. An yi hoto. Dajin ya shiga ƙashi, sun ce maganar aiki ta wuce.

Baba ya tambayi likita me ya sa ya yi ta ɗage masa. Likita ya dube ni. Baba ya ce ba komai, ya yafe masa.

In kin iso, don Allah ki bar shi a haka.

Yayanki