Gidan da Sai An Tura

Huonville, tsibirin Tasmaniya

Mbak Sekar, yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ibu, mahaifiyarmu, da ciwon gwiwa? Ya yara?

Ina lafiya, kada ki damu. Motar kwanan da na saya ta girme ni, amma akwai gado da murhu a ciki. Aibinta ɗaya, ba ta tashi da makulli. Kullum sai na nemi gangara na ajiye ta, da safe in saki birki ta gangara har injin ya kama. Shi ya sa nake kwana ƙafa sama, kai ƙasa.

Bakanike ya saurari injin ya ce, "Abokina, wannan ba gyara take so ba, jana'iza." Na ce, "To ni in kwana ina, a aljihunka?"

Tsinkar tuffa ta ƙare, zan nausa garin Mildura tsinkar lemo. An ce ƙasar can a shimfiɗe take kamar faranti, ko shuri babu. Tun da na ji na kasa zaune na kasa tsaye.

A sa ni a addu'a. In Ibu ta tambaya, ki ce ɗanta ya yi gida. Ba ƙarya ba ne. Kada dai ki ce sai an tura shi.

Ƙaninki,
Danu