Na Daidaita Musu Sahu, Famfo Ya Ƙi Tashi

Mai filin shawara, ka agaje ni don Allah, albasata na mutuwa ina kallo. Ban yi boko ba, ɗiyata Raliya ka rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Shekarar da anka buɗe boda, bayan rufe ta da anka yi don canjin kuɗi, ɗana Lawwali ya kawo mini famfon rana daga Ƙwanni. Baƙin faranti ne mai shan rana, da inji cikin rijiya, da akwati tsakaninsu, wai ƙwaƙwalwa gare shi. Ni da na san wanda ya gina kowace rijiya a Kalmalo har da ubansa, wai akwati ne zai yi mini tunani. Na dai bari anka kafa. Ruwa ya zo, har na kwance jigona na ɗibar ruwa.

Lawwali ya tafi fatauci Kwatano. Ran nan na buɗe akwatin in kori gizo-gizo, sai na iske 'yan makunnai ƙanana a jere, babu tsari: na bakin hagu da na bakin dama sun duƙa ƙasa, na tsakiya duk sun ɗaga sama. Dubi ganganci! Na sa tsinke na daidaita musu sahu, kowa ya dubi sama.

To, ba don wannan ba dai, injin ya sake hali. Rana na ɗagawa sai shi yi gurnani, shi zabura gaba, shi koma baya, shi yi makyarkyata, shi yi tsit, jar fitila na ƙifta mini ido. Maharazu mai gyaran injin niƙa ya fiddo shi, ya nemi gawayin nan da ka cinyewa cikin inji, ya ce wanga ba shi da ko ɗaya, watau bai cika ba anka sayar muna. Ya sauya wa wayoyinsa ukku wuri, rawa ta ƙaru. Mi ya rage?

Gobe da safe zan kafa jigona, masu dariya su yi. Akwatin kuwa na ba shi wa'adi har amsarka ta zo, sannan in tsinke shi in haɗa inji da faranti kai tsaye.

Tsohon Kalmalo, Illela

AMSA

Baba, kafa jigon nan shi ne daidai, albasa ba ta jiran jarida. Amma kada ka tsinke akwatin, don ranar za ka rasa injin gaba ɗaya.

Ba a cuce ka ba. Irin wannan inji haka ake ƙera shi, ba gawayi. Aikin gawayin akwatin ne ke yi: yana tura wuta waya bayan waya, a hankali, har inji ya kama gudu. Makunnan nan su ke gaya masa irin injin da yake ja da yadda zai fara. Da ka miƙe musu sahu, sai ya shiga ba da umarni ga wani injin da ba ya cikin rijiyarka. Rawar ke nan.

Ban ɗora maka duka ba. Lawwali ya bar ka da kaya ba bayani, kuma abin da ba a son a taɓa bai kamata tsinke ya iya juya shi ba.

Ka raba akwatin da faranti tukuna. Maharazu ya mayar da wayoyi mazauninsu, launi ga launi, ya duba ko yashi bai riƙe injin ba. Sannan ka ɗauki tsinkenka: na bakin hagu da na bakin dama ƙasa, na tsakiya sama. Ba ni na sani ba, kai ka faɗa. Ka jira rana ta yi ƙarfi ka gwada. In ya ƙi, a jira Lawwali.

Akwatin ya manta, Baba, kai ba ka manta ba. Allah ya ba albasa albarka, sahu kuwa a bar wa masallaci.