Jajayen ƙwai daga maƙwabciyar Sani

Daren Laraba, Sabon Gari, Maraɗi

Barci ya ƙi zuwa. Matar ɗana Sani ta sauka lafiya a Pari ta Faransa, namiji, kuma sunana za a sa masa. Shi ya sa na tashi na ɗauko alƙalami.

Sani ya kira bayan isha'i. Ya nuna mini jaririn a waya, ya kuma nuna mini kwano cike da dafaffen ƙwai da aka rina ja. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ta kawo, don unguwar tasu ta Shinuwa ce, mutanen Sin. Haka suke barka.

Na ce, “Me ya kai su can?”

Ya ce, “Gudun yaƙi, Baba. Da jaka ɗaya ta zo, wai kafin ƙura ta lafa. Wannan ya buɗe gidan abinci, wancan ya kira ƙaninsa, har unguwa ta zama tasu.”

“Jikokinta suna jin yarenta?”

Ya yi dariya. “Gaisuwa kawai.”

Dariyar nan ce ta hana ni kwanciya. Takwarana zai iya ce mini ina kwana, daga nan sai a nemo mana tafinta? Sani ya rantse shekara kaɗan zai yi ya dawo. Na so in yarda. Amma kakanninmu ma da niyyar komawa Katsina suka sauka Maraɗi, ni kuwa ban taɓa zuwa can ba sai don sarin kaya.