Rasuwar Bilyaminu, Mai Gayyar Yashin Rimawa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mata Masu Kula da Ruwan Sha ta Rimawa ta samu labarin rasuwar ɗanmu, jikanmu, kuma sakataren kwamitin ruwa na gari, Malam Bilyaminu Abdulƙadir, wanda Allah Ya karɓi abinai ranar Talata bayan gajeruwar jinya, anka yi mai sutura yadda addini yat tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da anka ɗora wa wanga rubutu, marigayi jikan yayata na, don haka angona na tun shina rarrafe, ko da dai ban taɓa ganin turmin zane daga hannunai ba. Shina yaro, da an miƙa mai jarka an ce gulbi, sai ciwon ciki ya tashi. Na sha faɗa mai gaban mutane cewa ƙyuyar ɗibar ruwa tas sa shi neman muna famfo, shi ko ya yi dariya ya ce in ƙyuya na kawo tanki, Allah Ya ƙara mai ita.

Sa'adda shirin gwamnatin tarayya yaz zo, wanda ita ka ɗaukar kaso mai nauyi, wato haƙa rijiyar burtsatse da tanki da sola da bututu, gari kuma shi kawo nashi kaso, tsuru-tsuru munka yi, don waccan shekara albasa ba ta yi daraja ba. Marigayi shi yay yi ta zirya tsakanin Goronyo da Sakkwato bisa tsohon babur ɗinai mai tari awa tsoho, har masu aikin sunka yarda a karɓi kasonmu da yashi da tsakuwa da ƙarfin damtse. Yak kira gayya irin ta noma: maza da jakkai da amalanke, mata da kwanoni bisa kai, mu tsofaffi muna dama fura muna yi wa raggaye habaici. Da haka tanki yat tashi, ana hangen shi tun daga fadama.

Saura magudanar ruwan wanki da dauɗa, wadda za ta ɗauke shi daga bakin famfuna zuwa bayan gari. Yarjejeniyar ta ce ba a buɗe famfo sai an gama ta, kuma shi da kainai yat tsaya ga hakan, don ba shi son mu kori ƙishirwa mu gayyato sauro. To yashinmu bai kai ba. Kowa ya san gulbin Rima: in damina ta zauna anka saki ruwan madatsar Goronyo, yashi ya nutse ke nan sai baɗi. Bilyaminu ya tafi bai kurɓi ruwan tankin ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifinai Alhaji Abdulƙadir Yari, da mahaifiyatai Malama Mahbuba, da maiɗakinai Mashkura, da ɗiyanai Lukman da Sauda, da masu girma sarakunanmu da limamanmu, da ɗaukacin jama'ar Rimawa. Allah Ya jiƙan shi, Ya yafe kurakurenai, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, Ya ba iyalinai haƙurin da babu mai ba da shi sai Shi, Ya raya marayun da yab bari.

Mashkura ta shiga takaba, ba ta zuwa gulbi. Ƙungiya ta ɗauki nauyin kai mata ruwa, kullum gida guda, ni ad da ranar Jumma'a. Amma ku ji tsoron Allah ku dubi gwiwoyina. Bayan addu'ar bakwai, duk wanda yaz zaka gaisuwa, namiji ko mace, shi riƙo shebur ko kwano, daga bakin tabarma mu nufi gulbi tun ruwa bai cika ba. Muna son ranar da yarinyar ga za ta fita takaba, ta yi wankanta da ruwan famfon mijinta.

Sa hannu:
Hajiya Asabe Mu'azu (Kaka)
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Mata Masu Kula da Ruwan Sha, Rimawa